Bakaniken da Ya Ari Hancin Yayata

Kafin masu shagunan layin su gama ɗaga ƙofofinsu, Baba Tukuna ya riga ya share garejinsa ya yayyafa ruwa. Sai ya cire agogo da zobensa ya jefa cikin wani tsohon gwangwanin madara, ya janyo kujera, ya ɗauko safar hannu ta roba, doguwa mai kauri, irin wadda ake taɓa wayoyin motar lantarki da ita. Ba ya sa ta haka nan. Yakan naɗe bakinta har iska ta kumbura yatsun, ya kara ta a kumatunsa ya ji ko iska na fita ta wata 'yar huda da ido bai gani ba. In ka zo da gaggawarka a wannan lokaci kana ta zuba bayani, abin da za ka samu shi ne ɗaga hannu da kalma ɗaya: "Tukuna." Daga nan sunan ya fito, kuma ya bi shi har gida, don maƙwabta sun ce matarsa ma da shi take kiransa in ya ɓata mata rai.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Bayansa ya fara ƙin sunkuyo, gwiwa kuma tana kuka duk lokacin da ya durƙusa gaban taya. Ba za a yi masa taro ba, ba wanda zai rataya masa lambar yabo, shi ma da za a tambaye shi cewa zai yi a bar shi ya tafi gida ya huta. Ni ce dai ba zan iya yin shiru ba. Akwai lokacin da abincin gidan Yayata ya rataya a kan wani ƙaurin roba da ke fita daga motarta, kuma wannan tsoho ne ya tsaya a kai har aka ga ƙarshensa.

Baba ya tsufa ne a cikin motocin fetur, kuma da hancinsa ya yi suna. Tsofaffin direbobi suna cewa mota na shigowa, tun ba a buɗe bonet ba, zai ɗaga kai ya ce bel ne, ko kulochi ne, ko mai ne ke ɗiga a kan ƙarfe mai zafi. Da motocin lantarki suka fara yawa a gari, tsaransa suka ce abin da ba shi da inji ba mota ba ne, suka juya masa baya. Shi kuwa da furfurarsa ya je ya zauna a aji da sa'o'in 'ya'yansa, ya koyi inda ake taɓawa da inda taɓawarsa ke kai mutum kabari.

Mai facin da ke maƙwabtaka da shi, wanda suka yi shekaru suna zolayar juna, shi ya fi kowa labarinsa. Ya gaya mini ranar da wani direban tasi ya zo wai a ƙara masa iska kawai, Baba ya hango bakin wayar cajinsa ya yi baƙi ya fara narkewa. Direban ya ce ai tana ci, haka yake lallaɓa ta. Baba ya shiga ciki ya ɗauko tasa wayar ya ajiye masa a kan kujera, ya naɗe ta direban ya zauna a kanta. "Kana iya tafiya," in ji shi, "amma wannan ta kwana a nan. A ƙarƙashin ɗakin 'ya'yanka kake caji, ko ba haka ba?" Direban ya yi masifa, ya yi rantsuwa, daga ƙarshe ya tafi da wayar Baba.

Sai wani zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya tashi lafiya lau, amma hancin bai tashi tare da shi ba. Mai faci ya ce shi ya fara ganewa, ranar da wata tsohuwar taya ta kama wuta a bayan shagonsa, kowa na tari yana toshe hanci, Baba na zaune kusa yana warware waya hankalinsa kwance. Da wani ne, da ya ɓoye. Ya ci gaba da ɗaga kai yana shaƙar iska kamar da, yana canki-canki, wa zai gane? Baba bai yi haka ba. Duk wanda ya kawo mota sai ya fara gaya masa: "Hancin nan da kuka sani ya mutu. In don shi ka zo, ga hanya." Wasu kuwa suka bi hanyar, kuma har yau ina jin haushinsu. Shi ya sayi 'yar na'urar auna zafi, ya sake tsarin aikinsa tun daga tushe, a shekarun da mutane ke cewa sun girmi koyon sabon abu.

To, Yayata. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mijinta, ita ce gidan. Ta sayar da abin da za ta iya sayarwa ta sayi 'yar motar lantarki ta hannu, ta shiga kai yaran unguwa makaranta tana dawo da su. Yara suna ce mata Anti Direba. Iyaye suna son ta saboda sanyin tuƙinta, don Yaya in tana tuƙi kana iya riƙe kofin ruwa a cike ba zai zuba ba. Ni kam tuƙinta ciwon kai yake sa ni, masu keke ma wuce mu suke yi suna ɗaga mana hannu.

Wata rana da ta buɗe ƙofar baya za ta sauke yara, sai ƙauri ya buge ta. Ta ce ko daga bola ne. Washegari ya dawo, ya fi na jiya. A rana ta gaba, maman 'yan biyu, wata mata mai aiki a gidan burodi wadda maganarta ke da nauyi a wurin sauran iyayen, ta tare ta a ƙofar gida.

"Anti, ba raina ki na yi ba," ta ce, "amma jakunkunan yaran nan ƙaurin roba suke yi. Na ga a waya yadda batirin motocin nan ke yi in ya kama. Ni su kaɗai gare ni. Daga gobe kada ki zo ɗaukar nawa."

Kafin yamma wayar Yaya ta fara ƙara. Wannan ta ce bari dai su ga yadda hali zai yi, wancan ya ce ƙaninsa zai riƙa kai nasa. Na same ta a tsakar gida zaune a kan bokiti, makullin motar a hannunta, ko kuka ba ta yi. Abin da ya fi cin ranta ba aikin kaɗai ba ne. Cewa take, in da gaske batirin ne, ashe kwana da kwanaki tana ɗora 'ya'yan mutane a kan wuta. Da safe na raka ta garejin Baba, muna tafe tagogi a buɗe.

Tun ba ta gama tsayawa ba na fito ina bayani. Na ce batiri ne, na ce a cire shi, na kawo labarin abin da na gani a waya. Baba ya bar ni har na ƙare numfashi, sannan ya dubi Yaya.

"Direba, wannan rediyon taki ana kashe ta kuwa?"

Yaya ta yi dariyar da rabonta da ita tun ranar da ƙaurin ya fara. Ya ba ta kujera, ni ya bar ni a tsaye.

"Kin dai ji labarin hancina," ya ce mata. "Yau naki zan ara. Amma sai kin gaya mini gaskiyar abin da kika ji, ban da abin da kike tsoro. Ƙaurin nan, yana da wani zaƙi-zaƙi kamar fenti ko maganin goge farce?"

"A'a, Baba. Kamar an jefa silifas a wuta."

"Kin ga hayaƙi? Kin ji wani huci daga ƙasan mota? Akwai fitilar da ta kama a gabanki?"

"Babu."

"In kina caji yana zuwa?"

"A'a."

"In kin kunna sanyi fa?"

"Ko na kunna ko ban kunna ba duk ɗaya. Sai na yi tafiya na tsaya nake jinsa. Kuma cajin ba ya kai ni yadda ya saba."

Ya gyaɗa kai. Ya sa safar hannunsa, ya jona wata na'ura a ƙarƙashin sitiyari ya karanta abin da batirin ke faɗa, ya kwanta da ƙyar ya haska manyan wayoyin batirin masu launin ruwan lemo da tocila, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, hannu ɗaya a aljihu don gudun jan wuta. Da ya miƙe ya ce batirin lafiyarsa ƙalau, kuma don haka ne ma zai yarda ya shiga motar. Ya zauna a gaba kusa da Yaya, ni a baya, ya ce ta bi hanyar da take bi kullum, ta yi tuƙin da ta saba, kada ta yi masa na baƙo.

Muka zagaya. Na lura ko sau ɗaya bai kalli hanya ba, ƙafafun Yaya yake kallo. Muka wuce kwanar makaranta, muka gangara ta gaban kasuwa, muka dawo, shi dai idonsa na ƙasa. Da muka tsaya a gareji ya ce mu fito da sauri kafin motar ta huce.

"To, Direba, durƙusa. Fara da tayar gaba. Kada ki taɓa, shaƙa kawai."

Abin kallo ne. Mace da girmanta, da mayafinta, tana bin taya tana shinshina, tsoho na biye da ita yana kara bayan hannunsa kusa da ƙarfen kowace taya. Mai faci ya fito ya tsaya yana cewa yau Baba ya samu sabon injin bincike. Gaba babu, ɗayar gaban ma babu. Da ta zo tayar baya ta ɓangaren da take sauke yara, sai ta ja da baya tana tari.

"Ga shi nan, Baba! Wallahi shi ne!"

Ya haska na'urar zafin a kan tayar, ya je ya haska ta ɗaya ɓangaren, ya nuna mana bambancin. Ya ɗaga bayan motar da jak. Tayar can ya juya ta da yatsa biyu ta yi ta gudu ita kaɗai. Wannan kuwa sai da ya sa hannu biyu, tana gurnani tana tsayawa. Da tayar ta huce ya kwance ta, sai ga abin a fili. Ƙarfen da ke matse birki ya maƙale saboda tsatsa, ya ƙi sakin faifan, motar tana tafiya tana jan birkinta. Zafin ya gasa 'yar robar da ke rufe wurin har ta yi baƙi ta tsattsage.

"Direba," ya ce, "sau nawa kike wanke motar nan?"

"Kullum, Baba. In na sauke yara. Kai ma ka san yara."

"Har tayoyin?"

"Har tayoyin. Sai in ajiye ta sai gobe."

"To birki fa, yaushe rabonki da taka shi da gaske?"

Yaya ta gyara tsayuwa, har da ɗan alfahari. "Ai ba na buƙatarsa. Ina ɗaga ƙafa daga totur take rage gudu da kanta, har ta ƙara wa batiri caji. Wanda ya sayar mini ma ya ce haka ake so. Ga shi yara ba sa jijjiga."

"Na gani. Duk zagayen nan da muka yi, sai da muka zo tsayawa kika ɗan shafa shi kamar mai tsoron tashin jariri." Ya ɗaga robar da ta ƙone. "Ba laifi kika yi ba, tausayi ne ya yi miki yawa. Kullum kina shayar da birki ruwa, ba kya ba shi aiki. A motar fetur dole ki taka, zafin ya busar da shi. Wannan kuwa ta ɗauke masa aikin, shi ya sa ya kwanta ya yi tsatsa. Daga yau, in kin wanke mota, ki fita ba yara, ki samu hanyar da ba kowa, ki taka shi sosai ya san yana da uwar gida."

Yaya ta zauna a bakin dakali, sai a lokacin hawayen suka zo. Na yi zaton magana ta ƙare ke nan. Ya wanke ƙarfen, ya sa giris, ya canza roba da takalman birkin, ya buɗe ɗaya ɓangaren ma ya duba don ya ce abin da ya ci wannan yana hanyar cin wancan. Sai Yaya ta ce, cikin sanyin murya, gyara dai ya yi, amma wa zai yarda da ita? Duk direban da ya ji tsoron rasa aiki ai cewa zai yi an gyara.

Baba ya goge hannunsa. "Matar nan da ta fara janye nata, kira mini ita. Ki ce tsohon bakanike ne ke roƙon ta biyo in ta tashi daga aiki."

Ta zo da rana, da garin fulawa a gefen hannun rigarta, fuska a ɗaure, ta shirya wa faɗa. Baba ya tashi ya ba ta kujerarsa.

"'Yata, da farko dai kin yi daidai," ya ce. "Da jikokina ne, ni ma cire su zan yi. Duk uwar da ta ji ƙauri a jikin ɗanta ta yi shiru, ba ta kyauta ba. Yanzu ina son ki taimake ni, don ni ba na jin wari. Ke kika ji na jakunkunan. Shinshina wannan ki gaya mini, shi ne ko wani ne daban? In wani ne, ban gama aiki ba, kuma motar nan ba za ta fita daga nan ba."

Ya miƙa mata robar a kan tsumma. Ta kai hanci, ta yamutsa fuska, ta sake kaiwa.

"Shi ne," ta ce a hankali.

Ya nuna mata inda abin yake, dab da ƙofar da yaranta ke fita suna jan jakunkuna. Ya nuna mata inda batirin yake da abin da na'urar ta karanta. Bai ce mata motar lantarki ba ta kama wuta ba. Ya gaya mata irin warin batiri, mai zaƙi-zaƙi kamar fenti, wanda in an ji shi, ko aka ga hayaƙi daga ƙasa, ba a tsayawa tambaya, a fitar da yara a yi nesa a kira masu kashe gobara. Ya ce ta gaya wa sauran iyayen haka, kuma duk mai shakka ya zo ya gani da idonsa. Ta daɗe tana juya robar a hannunta. Sannan ta dubi Yaya ta ce, "Anti, gobe ki zo da wuri, kin san ɗayan yaran nan kullum sai an taya shi neman takalminsa." Ta nemi a ba ta robar ta tafi da ita, kuma ita da kanta ta bi gidajen iyayen tana nunawa.

Baba, kai ne wanda Allah ya karɓi abin da ka yi suna da shi, ba ka yi wa kowa ƙarya a kai ba ko ta yini ɗaya. Kai ne ka zaunar da mace mai tsoro ka saurare ta har ƙarshe, ka ɗauki abin da hancinta ya ji da muhimmanci, a sana'ar da aka saba ce wa mata su tsaya can gefe. Ka gane cewa gyaran ƙarfe rabin aikin ne, sauran rabin yana zuciyar mutanen da za su ɗora 'ya'yansu a kai. Gwanin tambaya, mai jinkirin alheri, mun gode. Allah ya ba ka lafiyar bayan nan da gwiwar nan, ya sa ka ci moriyar hutunka, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma masu sana'a, bakanike ne ko tela ko mai ɗaura waya, in wani abu ya kuɓuce muku ku faɗa, ba a nan mutunci ke zubewa ba. Ku tambayi mai kaya abin da ya gani da abin da ya ji kafin ku ɗauki sifana. Masu mota kuma, in kun ji ƙauri kada ku ce bola ce, kada kuma ku yanke wa kanku hukunci daga abin da kuka gani a waya. Ku tsaya, ku kai ta wurin wanda zai bi ta taya bayan taya.

Saura saƙo ɗaya, Baba, na Yaya ne, ta ce kunya ba za ta bar ta ta faɗa maka da bakinta ba. A makon jiya maman 'yan biyu ta tashi daga aiki a gajiye, ta tare su a hanyar dawowa daga makaranta ta ce a rage mata hanya. Ta shiga baya ta zauna tsakanin 'ya'yanta, ɗaya a kowane gefe. Kafin su kai kwanar kasuwa barci ya ɗauke ta, kanta a jingine da kujera, bakinta a ɗan buɗe. Yaya ta ce wa yaran su yi shiru, ta sauke kowa a gidansu, ba ta tashe ta ba sai a ƙofar gidanta.